Fuskar Sarki a Kan Tsabar Kuɗi a Daular Rum

A daular Rum, yawancin talakawa ba su taɓa ganin sarkinsu ido da ido ba, amma sun san kamanninsa, domin tsabar kuɗi ta kai musu fuskarsa har gida. Da ita ake biyan sojoji albashi, da ita ake karɓar haraji, saboda haka duk abin da aka zana a kanta yakan isa kasuwannin Siriya da Masar da Birtaniya ba tare da an tashi manzo ba.

A zamanin Jamhuriyar Rum, kafin kafuwar daular, siffofin gumaka da na magabatan da suka mutu ake bugawa. Yuliyas Kaisar ne ya karya wannan al'ada a birnin Rum a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda aka buga fuskarsa yana raye, da laƙabin mai mulki har abada. Manyan gari da dama sun ga alamar neman sarauta a ciki, kuma a watan Maris na shekarar aka kashe shi. Bayan shekara biyu, Burutus, ɗaya daga cikin makasansa, ya buga nasa kuɗin da wuƙaƙe biyu da hular da ake sanya wa bawan da aka 'yanta. A ɗaya gefen kuwa ya sa tasa fuskar.

Sarakunan da suka biyo baya sun mayar da bayan tsabar wurin shelar nasara. Augustus ya buga hoton kada tare da rubutun da ke sanar da cin Masar. Bayan rushe birnin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, Basfasiyan ya fitar da kuɗi mai hoton mace tana zaune cikin baƙin ciki a gindin dabino, alamar ƙasar Yahudiya da aka murƙushe. Wanda bai iya karatu ba ma ya gane saƙon.

Sai dai hoto ba ya ɓoye raunin baitulmali. Nero ya rage azurfar da ke cikin tsabar a shekara ta 64, kuma zuwa wajajen 260 galibinta ya koma tagulla, ga fuskar sarki dai tana nan da kambinta.

Daga baya, daular Musulunci ta Umayyawa ta bi wata hanya dabam da ta Rum wajen buga tsabar kuɗinta. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik bin Marwan ya cire siffofi daga dinare ya sa rubutun Larabci zalla, har da kalmar tauhidi, don nuna tushen da ikon daular ya dogara a kai.