Kafin a sayar da masara, a tambayi sunan mai ɗaukar nauyin biza

A Karfi da sauran garuruwan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, da kaka kuɗi ke shiga hannu, kuma a lokacin ne masu tallan aiki a ƙasar waje ke samun kasuwa. Matashi ya sayar da masara da waken suya, wani har gona yake jinginarwa, ya danƙa wa eja kuɗin, bai ko san sunan wanda zai yi wa aikin ba. Alhali bizar aiki a ƙasashe da yawa ɗaure take da ma'aikata guda, mai suna da rajista.

A Birtaniya binciken ba shi da wuya. Ma'aikatar Cikin Gida tana wallafa jerin kamfanonin da ta ba lasisin ɗauko ma'aikata daga waje a shafin gov.uk, kyauta, ana dubawa ta waya. Kamfanin da ba ya cikin jerin ba shi da ikon ba da takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. Ganin sunan kaɗai bai wadatar ba, domin 'yan damfara kan fake da sunan kamfanin gaske. Sai a tuntuɓi kamfanin kai tsaye. Tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 an soke lasisi fiye da 470 a ɓangaren kula da tsofaffi da marasa lafiya, lamarin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Daga 22 ga Yuli 2025 kuwa an daina ɗauko masu wannan aiki daga waje.

Mutanenmu dai Saudiyya suka fi nufa, can ne kuma abin ya fi ciwo. Bizar Umara ba ta halatta aiki. Wanda ya maƙale da ita takari zai yi, ba iƙama, wato takardar izinin zama, kullum a ɓoye. Bizar aiki tana da kafili sananne, wato mai ɗaukar nauyi, kwantiragin kamfani yana kan manhajar Qiwa, na masu aikin gida yana kan Musaned. Sassaucin da aka yi wa tsarin kafala a 2021 bai shafi masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, ga shi irin waɗannan ayyuka aka fi yi wa namu tayi.

A nan gida, dole eja ya mallaki lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Iyaye, kada ku buɗe rumbu sai kun ga lasisin nan, da sunan kafili, da kwantiragi a rubuce. Wanda ya ƙi nunawa, a kai maganarsa ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.