Sadakar da Ta Ƙetare Teku

Amma ba'adu, cikin shekarar 1984, sa'ad da yunwa ta auka wa Sudan, wani likita Bamisire, Hani Al-Banna, ya kafa jam'iyyar taimako a Birmingham ta Ingila, sunanta Islamic Relief. Farkon abin da ta samu kwabo 20 ne na Ingila, daga hannun wani yaro. Da kyautar jama'a take ɗaukar nauyin marayu, tana haƙa rijiyoyi har a Nijar, inda ta shiga a 2005. Sai dai a mazhabar Maliku ba a haƙa rijiya da zakka, sai da sadaka ko wakafi. Shi wakafi ba a taɓa asalinsa, ribarsa ake kashewa, saboda haka ko masu bayarwa sun ja hannu, nasa rabon ba ya yankewa.