Shin Na'ura Tana Iya Gane Maƙaryaci Daga Muryarsa?

A binciken ta'addanci, tambayoyi biyu ake yi wa murya: ta wane ce, kuma gaskiya mai ita yake faɗi? Amsarsu ba ɗaya ba ce, kuma haɗa su kan jefa marar laifi cikin halaka.

Tambaya ta farko tana da hanyar bincike. Masana kan gwada muryar da aka naɗa da wadda aka tabbatar ta mutumin ce, su duba kaurinta, da lafazi, da karin harshe. Duk da haka akwai ruɗu. A shekarar 2023 an yaɗa wasu muryoyi a TikTok da sunan Umar al-Bashir, tsohon shugaban Sudan. Binciken BBC ya nuna cewa kalaman wani mai sharhin siyasa ne aka sauya da manhaja suka koma kamar muryar al-Bashir.

Tambaya ta biyu kuwa, nan gizo ke saƙar. Akwai manhajoji irin su CVSA ta Amurka da LVA ta kamfanin Nemesysco na Isra'ila, waɗanda ake tallatawa cewa suna gano ƙarya daga rawar murya. A wani gwaji da aka yi a wani gidan yari da ke jihar Oklahoma, an tambayi fursunoni ko sun sha ƙwaya, sannan aka auna fitsarinsu. Manhajojin sun kama kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi ƙarya. A 2007 ma masana biyu na Suwidin, Anders Eriksson da Francisco Lacerda, sun rubuta cewa ikirarin ba shi da tushe a kimiyya.

Dalilin a fili yake: tsoro ba ƙarya ba ne. Ɗauki manomi Bahaushe daga Mai Wurno ko wani ƙauyen Jazira, da aka tsare a shingen bincike tun bayan ɓarkewar yaƙin Afrilun 2023. Yana jin yunwa, ana yi masa tsawa da Larabci, dole muryarsa ta yi rawa. Wanda ya saba da ƙarya kuwa zai amsa hankali kwance.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari kafin mu cutar da wasu bisa jahilci. Don haka, ya ɗan'uwa, kada ka tura muryar da ba ka san asalinta ba, kada kuma ka kira mutum ɗan ta'adda don na'ura ta ce ya firgita. Allah Ya tsare mu da zaluntar bayinSa.