Awon Ƙanƙara Cikin Duhu

Tsakanin 10 da 12 ga Yulin 2017, wani makeken dutsen ƙanƙara mai faɗin kusan murabba'in kilomita 5,800 ya ɓalle daga shimfiɗar ƙanƙarar Larsen C a nahiyar Antatika, can ƙuryar kudancin duniya. Babu mahaluƙin da ya ga abin da idonsa. Tsakiyar hunturun kudu ne, rana da ƙyar take leƙowa a wannan yanki, sanyi kuwa ba ya barin jirgi ya kusanci wurin. Duk da haka masu bincike a Jami'ar Swansea ta Birtaniya sun yi wata da watanni suna bin tsagewar, suna faɗin kilomita nawa ta ci, nawa ya rage. Abin da ya ba su wannan dama shi ne na'urar rada da ke kan taurarin ɗan'adam na Turai masu suna Sentinel-1.

Kyamara ta yau da kullum, ko ta kan tauraron ɗan'adam ce, da hasken rana take aiki. In dare ya yi ta makance, in gajimare ya rufe ƙasa ba ta ganin komai. A ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu kuwa dare kan ɗauki watanni, gajimare kuma ba ya rabuwa da bakin teku. Rada ba ta jiran rana. Daga tazarar kusan kilomita 700 sama da ƙasa take harbo igiyoyin rediyo, sannan ta saurari amsa-kuwwarsu. Tsawon zangon igiyar Sentinel-1 kimanin santimita 5.6 ne, kuma irin wannan igiya tana ratsa gajimare salin alin. In ta faɗa kan ruwa mai kwanciya sai ta zame ta yi gaba, wurin ya fito baƙi a hoto. In ta sami ƙanƙara mai kaushi da tsage-tsage sai kaso mai yawa ya komo, wurin ya fito fari. Tauraron yana gudu fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa guda, ana tattara amsa-kuwwar da ya ji a wurare dabam-dabam a kan hanyarsa, kwamfuta ta haɗa su tamkar wata doguwar eriya ce ta karɓe su gaba ɗaya. Da wannan dabara ake iya rarrabe abin da bai wuce 'yan mitoci ba. Amurka ce ta fara gwada ta don binciken doron ƙasa da tauraron Seasat a 1978, wanda bai wuce wata uku da 'yan kwanaki yana aiki ba. Turai ta biyo baya da ERS-1 a 1991. A 1997 Kanada ta juya tauraronta RADARSAT-1 ya fuskanci kudu, aka sami cikakkiyar taswirar rada ta Antatika mai fitar da ƙananan abubuwa a karon farko.

Ɓallewar dutsen ƙanƙara ce ke cin kanun labarai, amma a ganina ita ce mafi ƙarancin muhimmanci cikin abubuwan da rada ke nunawa. Shimfiɗar Larsen C dama a kan teku take iyo. Ƙanƙarar da ke yawo cikin kofin ruwa in ta narke kofin ba ya tumbatsa, domin tun tana daskare ta riga ta ci gurbinta. Abin da ke ɗaga teku shi ne ƙanƙarar da ke zaune kan tudu, mai kauri fiye da kilomita uku a wasu wurare, wadda ke malala sannu a hankali zuwa bakin ruwa ta cikin kogunan ƙanƙara. Shimfiɗar da ke iyo tana tokare su ne. In ta raunana, sai su ƙara gudu. Don haka tambayar da masana suka fi damuwa da ita ita ce: da wane sauri ƙanƙarar tudu ke gangarowa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoto yau, a sake ɗauka bayan kwana goma sha biyu lokacin da tauraron ya komo kan turbarsa, a duba nisan da kowace tsaga ta matsa. Da haka aka auna kogin ƙanƙara na Jakobshavn a yammacin Girinlan, aka tarar a bazarar 2012 yana tafiyar kusan mita 46 a yini. Da haka kuma, bayan an harhaɗa bayanan taurarin Turai da Kanada da Japan, aka fitar da taswirar gudun ƙanƙarar Antatika baki ɗaya a 2011.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wannan wuyar fahimta, ta kuma fi ta ban mamaki. Igiyar rediyo tana tashi tana sauka ne a jere, kuma rada tana iya rubuta a wane matsayi na wannan tashi da sauka igiyar ta komo. In ƙasa ta ɗago ko ta nutse tsakanin ziyara biyu, tafiyar igiyar za ta ragu ko ta ƙaru, sai ta komo a wani matsayi dabam. In aka ɗora hoto na farko kan na biyu, bambancin yakan fito da siffar zobba masu launi, kowane zobe yana nufin motsin rabin zango, wato kimanin santimita 2.8. Ke nan daga nisan kilomita ɗari bakwai ana gane motsin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ga inda wannan ya yi rana. A ƙarƙashin kowane kogin ƙanƙara da ke shiga teku akwai wani layi inda ƙanƙarar ke barin dutse ta fara iyo. Yana binne ƙarƙashin ɗaruruwan mitoci na ƙanƙara, babu mai ganinsa. Amma teku yana cika yana janyewa kullum, ɓangaren da ke iyo yana ɗagowa yana sauka tare da shi, ɓangaren da ke zaune kan dutse kuwa ba ya motsi. A iyakar da ke tsakaninsu zobban nan sukan cunkushe, su zana layin a sarari. Eric Rignot, masani a cibiyar binciken NASA da ke Kalifoniya, ya nuna a 1998 cewa layin kogin Pine Island a Yammacin Antatika yana ja da baya. A 2014 shi da abokan aikinsa suka ba da lissafin 1992 zuwa 2011: Pine Island ya ja da baya kilomita 31, maƙwabcinsa Thwaites kilomita 14. Ruwan teku mai ɗan ɗumi ne ke shiga ta ƙasa yana cin ƙanƙarar. Abin da ya sa lamarin ya tayar da hankali shi ne, dutsen da ke ƙarƙashin wannan yanki yana ƙara zurfi ne in aka nufi cikin nahiyar, saboda haka duk sa'ad da layin ya ja baya, ƙanƙara mafi kauri ce ke fuskantar ruwa.

Wata rada kuma tsaye take harbawa don auna tudu, kamar ta CryoSat-2 da aka harba a 2010. Da aka haɗa awonta da na sauran na'urori, ciki har da masu auna nauyi, lissafin ya nuna Girinlan da Antatika sun yi asarar ƙanƙara tan biliyan 7,560 daga 1992 zuwa 2020, abin da ya ƙara wa tekun duniya milimita 21. Adadin ƙarami ne a ido, sai dai saurinsa ƙaruwa yake yi, kuma teku ɗaya ne: ruwan da ya narke a Girinlan yana cikin abin da ke ɗaga igiyar da ke cin gaɓar Legas da ta Keta a Gana.

Dusar ƙanƙara kuwa halinta biyu. In busasshiya ce igiyar rada takan ratsa ta kusan kamar babu ita. Da zarar ta fara jiƙewa sai ta shanye igiyar, wurin ya yi duhu a hoto. Wannan sauyi shi ke faɗa wa masu kula da madatsun ruwa a tsaunukan Turai da na Himalaya cewa narkewa ta kankama. Shi ne kuma ya sa a Yulin 2012 wata rada da ke kan tauraron Indiya Oceansat-2 ta fara nuna cewa cikin kwana huɗu yankin da samansa ke narkewa a Girinlan ya tashi daga kimanin kashi 40 zuwa kashi 97 cikin ɗari. Gane inda dusar ta jiƙe abu ne mai sauƙi. Auna yawan ruwan da ke cikinta har yanzu ana fama.

Mafi wuyar duka ita ce daskararriyar ƙasa, wato ƙasar da ta shekara biyu ko fiye a jere ba ta narke ba. Ta mamaye yankuna masu faɗi na Saiberiya da Alaska da arewacin Kanada da tudun Tibet, a wasu sassan Saiberiya kaurinta ya wuce kilomita ɗaya. Ita ba ta da wani launi ko siffa da za a gani daga sama. Ciyawa da gansakuka da daji sun rufe ta. Ɗan saman da ke kanta, daga 'yan santimitoci goma-goma zuwa 'yan mitoci, shi ne ke narkewa da bazara ya sake daskarewa da hunturu. To ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi tara cikin ɗari. Saboda haka ƙasar takan ɗago da hunturu, ta sauka da bazara, kuma wannan motsi rada ke karantawa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan arewacin Alaska, da bayanan ERS na 1992 zuwa 2000, ya sami saukar santimita 1 zuwa 4 kowace bazara. Ya kuma sami wata sauka ta dabam, santimita 1 zuwa 4 cikin shekara goma, wadda ba ta komowa. Ta farko al'ada ce. Ta biyu alama ce cewa tsohuwar ƙanƙarar da ke can ƙasa ta fara narkewa, ruwanta ya tsiyaye, ƙasa ta zauna.

A kan irin wannan ƙasa aka gina birane kamar Yakutsk a Saiberiya, inda manyan gidaje ke tsaye bisa ginshiƙai don kada ɗuminsu ya narkar da tushensu. A kanta kuma layin dogo na Cinghai zuwa Tibet, wanda aka buɗe a 2006, ya bi kimanin kilomita 550, kuma masu bincike na Sin suna amfani da rada wajen gano sassan da ke nutsewa. A ƙarshen Mayun 2020 wani tankin ajiyar mai ya rufta kusa da Norilsk a Rasha, dizal kusan tan 21,000 ya malala cikin ƙasa da koguna. Masu tankin suka ɗora laifin kan narkewar ƙasa, hukumar bincike ta gwamnati ta nuna aibin gini da sakacin kulawa. Ko ma wanne ya fi nauyi, tushen gini a kan ƙasar da ke motsi abin sa wa ido ne, kuma tauraro yana duba dubban tankoki da bututu a wucewa guda. Ban da gine-gine, akwai sinadarin kabon kusan tan biliyan 1,500 na tsofaffin tsirrai da ke daskare a wannan ƙasa, kusan ninki biyu na wanda ke cikin iska. Rada ba ta auna iskar da ke fita in suka ruɓe. Tana nuna inda ƙasar ta fara saki ne kawai.

Dabarar zobba tana da sharaɗi mai tsauri: dole fuskar ƙasa ta kasance kusan yadda take tsakanin ziyara biyu. In ciyawa ta tsiro, ko dusa ta sauka, ko laima ta sauya, sai zobban su dagule. Shi ya sa awon daskararriyar ƙasa yakan taƙaita ga 'yan watannin bazara, kuma dole a gwada shi da ma'aunin zafi da aka zura cikin ramuka a ƙasa. Gajeruwar tazara tsakanin ziyara tana rage matsalar, don haka lalacewar Sentinel-1B, ɗaya daga cikin taurarin Sentinel-1 biyu, a Disambar 2021 ta yi ciwo: wuraren da ake gani duk kwana shida suka koma kwana goma sha biyu, har sai da aka harba Sentinel-1C a Disambar 2024. Doguwar igiya ma tana taimakawa, domin tana ratsa ganye ta isa ƙasa. Tauraron NISAR, wanda Amurka da Indiya suka ƙera tare aka harba daga Sriharikota a Indiya ranar 30 ga Yulin 2025, yana ɗauke da rada mai zangon santimita 24, an kuma tsara shi ya duba kusan dukkan tudu da ƙanƙarar duniya sau biyu cikin kowane kwana goma sha biyu, bayanansa kyauta ga duk mai buƙata kamar na Sentinel-1.