Kyanwa Tana Binne Kashinta, Tana Binne Cutarta

Duk wanda ya san Kwangila da dare ya san yadda wurin yake: masu tsire a gindin gada, masu shayi, masu soya kifi, motocin Kano da Funtuwa suna lodi. Inda abinci ya zube ɓera zai zo, inda ɓera ya zo kuma kyanwa na biye. Shi ya sa shaguna da gidaje da yawa a unguwar ba sa rasa mage. Ana ajiye ta don farauta, ba a cika kula da lafiyarta ba, ita kuma da ta yi kashi sai ta tone ƙasa ta rufe. Kafin mai gida ya farga tana gudawa, ta riga ta rame.

Matakin farko shi ne a ware mata wuri. A zuba yashi a tsohon kwano mai faɗi, a ajiye a lungu, a riƙa kwashewa kullum ana dubawa. Kashin lafiyayyar kyanwa a dunƙule yake, ruwan ƙasa mai duhu. Idan ya zama ruwa, ko da majina, ko jini, ko ya yi baƙi ƙirin, akwai matsala.

Sau da yawa mu ne muke jawo zawon da hannunmu. Mun taso da jin cewa madara ce abincin kyanwa, alhali da zarar an yaye ta cikinta yakan rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara. Ragowar shayi mai kauri da ake zuba mata da safe, da yamma sai ya fito ruwa. Sauran tsire ya fi muni, ba don yaji kaɗai ba: albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta, ɗanye ko dafaffe. A ba ta dafaffen nama ko kifi, ba yaji, an cire ƙaya.

Sai tsutsar ciki. Mage mai cin ɓera da wuya ta rasa tsila, haka wadda ƙuma ta kama, domin takan haɗiye ƙumar garin lasar jiki. Ɗaga wutsiyarta ka duba. In ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa manne da gashi, guntayen tsila ne. Macijin ciki kuwa ya fi addabar 'ya'yan kyanwa, sai ka ga ciki ya kumbura, jiki duk ƙashi. Likitocin dabbobi kan ba da shawarar maganin tsutsa duk bayan wata 3 ga kyanwar da ke fita waje. Wannan ya shafi 'ya'yanmu ma, don tarin yashin gini da yara ke wasa a kai shi ne makewayin da mage ta fi so, kuma ƙwan tsutsar kan bi hannu ya shiga baki. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin, saboda wata ƙwayar cuta, Toxoplasma, da kan illata ɗan tayi. Ƙwayar tana bukatar aƙalla kwana 1 a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, dalili ke nan na kwashewa kullum, a kuma wanke hannu da sabulu.

A bazara abin yakan juye, kashi ya bushe ya ƙi fita, domin kyanwa ba mai yawan shan ruwa ba ce. A ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa, a jiƙa abincinta da romo marar albasa. Amma a lura: muzurun da ke ta tsugunnawa yana yunƙuri yana kuka, babu abin da ke fita, wataƙila fitsari ne ya toshe. Wannan yakan kashe cikin kwana 2 ko 3, ba a kwana da shi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne rugawa kemis. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Filajil da ake gutsura mata da ka, in ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ta riƙa tangaɗi. Kuma wanda ya zuba shinkafar ɓera a shago ya sani magensa na iya cin mushen.

Gudawar da ta wuce kwana 2, jini a kashi, amai ba ƙaƙƙautawa, dasashi ya yi fari, ƙin cin abinci: duk na likita ne. In ka ja fatar bayan wuyanta ka saki ba ta koma da sauri ba, ruwan jiki ya yi ƙasa. Ɗan kyanwa ba ya jure ko wuni guda, musamman in cutar nan ce ta panleukopenia mai saurin kisa, wadda take da allurar rigakafi. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, mota ɗaya ce daga Kwangila. A sa magen a kwando mai murfi, a ƙulla ɗan sabon kashin a leda a tafi da shi don gwaji, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da aka riga aka ba ta.