Kilwa Kisiwani: Masallacin Da Aka Yanko Duwatsunsa Daga Teku

A wani tsibiri da ke kudancin Tanzaniya, cikin yankin Lindi, nan kufan Kilwa Kisiwani yake, yana fuskantar Tekun Indiya. Yau masunta da manoma ne ke zaune a gefensa. Amma a ƙarni na 14, zinariyar Zimbabuwe da ake fitarwa ta tashar Sofala sai ta bi ta hannun sarakunan Kilwa kafin ta tsallaka teku. Har kuɗinsu na tagulla suka buga.

Babban Masallacin garin shi ne abin kallo. Tsohon ɓangarensa ya samo asali tun wajen ƙarni na 11, sannan aka faɗaɗa shi a zamanin Sarki Alhasan ɗan Sulaimanu. Maginan Sawahili sukan yanko dutsen murjani daga cikin ruwa tun yana da taushi, su sassaƙa shi yadda suke so, in ya sha iska sai ya ƙeƙashe. Wani kuma su ƙone shi, ya zama farar ƙasar da ke riƙe ginin. Wanda ya shiga yanzu zai tarar da ginshiƙai sun jeru sahu-sahu, ƙananan ƙubbobi a kansu, rana na ratsowa ta inda rufin ya rufta. Wannan aikin gwanaye ne, ba shakka.

Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan da daga baya ya biyo ta Takedda a Nijar ta yau, ya sauka Kilwa a 1331. Ya yaba kyan birnin, ya kuma yaba kyautar sarkinsa, wanda ya gina fadar Husuni Kubwa mai ɗakuna fiye da 100 da tafkin wanka mai kusurwa takwas.

A 1505 Turawan Fotugal, ƙarƙashin Francisco de Almeida, suka auka wa garin suka washe shi. Cinikin zinariya ya suɓuce daga hannun Kilwa.

UNESCO ta sa Kilwa da maƙwabciyarta Songo Mnara cikin kayan tarihin duniya a 1981. Zaizayar gaɓa da saiwoyin itatuwa suka jefa su jerin masu fuskantar haɗari a 2004, sai a 2014 aka cire su bayan gyare-gyare. Abin takaici, ɗalibai da yawa sun san Timbuktu amma ba su taɓa jin sunan Kilwa ba. Ya kamata masu tsara darasin tarihin Musulunci a Afirka su ba ta gurbinta.