Waiwayen kakar su a Damargu: Daga bakin ƙugiya zuwa kaskon suya

Duk wanda ya ji an ce ana kamun kifi a ƙasar Damargu zai ɗauka zolaya ake yi. Ƙasa ce da aka sani da gero da raƙuma da rairayi, babu kogi ko ɗaya da ke gudu rani da damina tun daga Falanko har Tanut da Balbeji, kuma ruwan saman da ake samu a shekara da wuya ya haura milimita 350. Amma duk da haka, a shekarar da Allah Ya kawo damina mai albarka, ruwa kan taru a kwaruruka ya zama tabkuna, wasu su yi wata uku, wasu su kai har bazara. A cikin waɗannan tabkuna ne ake ɗan taɓa su, kuma daga nan ne wasu matan ke samun abin da suke soyawa ranar kasuwa.

Yanzu da tabkuna suka ja baya, masunta suka naɗe komarsu, ya dace a waiwaya a ga yadda kakar su take tafiya a irin wannan ƙasa, wane koto ne ya fi ci, kuma a ina riba take zubewa tsakanin bakin ruwa da rumfar kasuwa.

Yadda kakar take tafiya

Kakar su a nan damina ce ke yanke mata hukunci. Idan mai karatu bai manta ba, a 2024 an yi ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba a Nijar, har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram ya rushe a farkon watan Satumba na wannan shekarar. Ruwan da ya rusa gidaje shi ne kuma ya cika tabkuna maƙil. A shekarar fari kuwa, mai koma sai dai ya rataye ta ya nemi wata sana'a.

Daga Yuli zuwa Satumba lokacin haihuwa ne. Tarwaɗa kan bi sabon ruwa ta shiga cikin ciyawa ta zuba ƙwai, ita kuwa ƙarfasa uwar ce ke riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Duk wanda ya kama uwa a wannan lokaci, ɗaruruwan kifaye ya kashe a jefa ɗaya, shi ya sa tun zamanin iyaye da kakanni sarkin ruwa ke hana shiga ruwa sai an buɗe shi.

Da kaka, wato Oktoba da Nuwamba, kifi ya yi ƙiba, ruwa ya fara kwantawa, ga kuma kuɗin gero da wake a hannun jama'a. Wannan shi ne lokacin da mai suya ta fi jin daɗin ciniki. Da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu sai kifi ya rage cin abinci, musamman ƙarfasa wadda ba ta jure sanyi, ƙugiya ta yini a ruwa ba a taɓa ta ba, kifi ya yi tsada. Daga Maris zuwa Mayu kuma rana da iska su shanye ruwan. A wannan yanki abin da rana ke ɗauka daga fuskar tabki a shekara ya haura mita 2, don haka duk tabkin da zurfinsa bai kai haka ba, ƙafewa zai yi. A nan ne kifi ke taruwa wuri guda, a yi masa taron dangi da homa da kwando har da hannu, kasuwa ta cika a 'yan kwanaki, farashi ya faɗi warwas.

Kifayen da ake samu

Tarwaɗa ce sarauniyar tabkunan rairayi, domin Allah Ya yi mata wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, wanda hakan ya sa take rayuwa a cikin taɓo, kuma takan yi sa'o'i a wajen ruwa ba ta mutu ba muddin jikinta na da danshi. Ga 'yar kasuwa wannan babbar garaɓasa ce, tunda ana iya kawo ta da ranta a cikin baho. Sai gaiwa, wadda idan ruwa ya ƙafe take shigewa cikin laka ta lulluɓe kanta da majina ta kwanta tana cin jikinta har wata damina. Ita ce ma ta sa ake ganin kifi a tabkin da ya bushe ƙurmus bara.

Ƙarfasa kuwa galibi zuba ta ake yi. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin raya karkara sun daɗe suna ɗebo 'ya'yan kifi daga manyan tabkuna suna zubawa a ƙanana bayan damina. A jahar Damagaram akwai tabkin Gidimuni da na Lasuri, a Maraɗi akwai na Madarunfa, a Tawa kuma akwai na Tabalak, kuma dukkansu suna cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu.

Giwan ruwa shi ne burin kowane masunci. Kifi ne mai farautar 'yan'uwansa, yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa ya doshi kilo 200 a manyan ruwaye. A gasar su ta Argungu, wadda aka fara a 1934, wanda ya zo na ɗaya a 2020 ya fito da mai kilo 78 daga ruwan Matan Fada. Sai dai giwan ruwa na son ruwa mai zurfi mai tsabta, da tabki ya fara zama taɓo shi ne farkon mutuwa. Kuma masu son a zuba shi a kowane tabki su tuna da abin da ya faru a tabkin Biktoriya na Gabashin Afirka. An zuba shi a can a shekarun 1950, ya zuwa shekarun 1980 ya mamaye ruwan, nau'o'in ƙananan kifaye wajen 200 suka ɓace. Turawa suka samu tsokar da suke saye, amma talakan bakin ruwa ya rasa ɗan kifin da yake sa wa a miya.

Kowane kifi da kotonsa

Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, don haka masunci na gari sai ya san abin da kowane kifi yake so. Tana ita ce uwar koto, babu kifin da ke ƙinta, amma samun ta a rairayin Damargu sai a bakin ruwa inda ƙasa ke da laima. Idan an shiga damina, shinge da gara kan yi wa ƙarfasa daɗi. Da kaka kuma ga fara ko'ina a gonaki, sai dai ita ma yanzu ta zama hajar kasuwa, ba kowa ke yarda ya jefa wa kifi abin da mata ke sayarwa a tiya ba.

Tarwaɗa da hanci da gashin baki take neman abinci, kuma da dare ta fi yawo. Saboda haka abu mai wari ne maganinta: hanjin kaza, ko ɗan kwaɗo, ko guntun kifin da ya kwana. Akwai ma masu yanka sabulu ƙanana-ƙanana su soka a ƙugiya, dabarar da aka daɗe ana yi a kogin Kwara da tabkin Chadi, domin sabulu na da maiƙo kuma yana daɗewa a ruwa bai zube ba. Masu gurar Mali kuwa dusa suke dafawa su cura su jefa a cikin gurar, kifi ya shiga ya kasa fita. Sannan akwai mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ba a sa musu koto ko kaɗan, tarwaɗa ce ke zuwa wucewa ƙugiya ta cafke ta a jiki.

Shi giwan ruwa ba ya kula mushe. Ƙaramar ƙarfasa mai rai ake soka wa ƙugiya a baya a sake ta tana motsi, ko kuma a ja wani abu mai ƙyalli a cikin ruwa ya ɗauka kifi ne ke gudu.

A wannan fanni na kotun ƙarya, mutanen Amurka da Kanada sun yi nisa. Suna da wani dogon kifi mai haƙora da suke kira maski, wanda ke zaune a tabkunan arewacin ƙasar, har jahar Wiskonsin ta ɗauke shi a matsayin kifinta na alfahari tun 1955. Manya daga cikinsa kan kai kilo 30. Da katako da roba da ƙarfe da gashin jelar barewa suke ƙera masa koto, kuma saboda wuyar kamuwarsa suke masa kirari da kifin jifa dubu goma. Abin mamakin shi ne, yawancinsu idan sun kama sai su auna tsawonsa su ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. A wurinmu wannan sai a ce almubazzaranci ne, tunda mu abinci muke nema. Amma akwai abin lura a ciki, domin wannan sakin da suke yi shi ya sa har yau suke da manyan kifaye. Mu ma idan ba mu saki babba ba, ai ma iya barin ƙarami ya girma.

Inda riba take zubewa

Babbar ɓarnar da ake yi wa tabkuna ita ce jan su da gidan sauro. Ragar da aka raba kyauta don kare yara daga zazzaɓi ita ce wasu ke kwashe 'ya'yan kifi da ita tun ba su kai yatsa ba. Na biyu shi ne zuba guba. Dokar su ta Nijar ta 1998, da sabuwar da ta biyo bayanta a 2021, duk sun haramta kamun kifi da guba ko nakiya, kuma sun wajabta wa masunci ya yanki takardar izini. A Damargu wannan magana ta fi ƙarfin kifi, domin tabkin da ake su a cikinsa shi ne mashayar shanun Fulani da raƙuman Buzaye, a wasu ƙauyukan ma har da mutane. Ran da aka zuba guba a ruwa, dabbobin da za a kai kasuwar Bakin Birji su ne za su fara biya.

Ke kuma Hajiya mai saye, ga abin da za ki duba. Ɗanyen kifi mai kyau idonsa garau yake, ƙasan kuncinsa ja ne, idan kin danna tsokar da yatsa za ta taso. Wanda ya kwana a raga ya mutu a ruwa, cikinsa kan kumbura, jikinsa ya saki. Idan kin ga an tara kifi manya da ƙanana iri-iri duk sun mutu lokaci guda, babu tabon ƙugiya babu shaidar raga, to ki yi tambaya kafin ki ciro kuɗi, domin ruwa ba ya tsami banza.

Sai lissafin banda. Kifin da aka ƙyafe ya bushe sosai yakan rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. A misali, a ɗauka kin sayi kilo 30 a kan jika ɗaya kowane kilo. Abin da zai fito daga wuta bai wuce kilo 10 ba, ke nan kowane kilo ya tsaya miki a jika 3 tun ba a sa kuɗin itace da na mota da na rumfa ba. Itace kuwa a Damargu ba abin wasa ba ne. Matan Gana sun rage wannan asara da murhun da ake kira Chorkor, wanda aka fito da shi a 1969, inda ake jera faifan raga hawa-hawa a kan murhun laka guda, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Magini da kafinta na gari za su iya yin irinsa, musamman idan mata biyar ko shida suka haɗa adashi.

Abin da ya kamata a guje masa ko ta halin ƙaƙa shi ne fesa wa busasshen kifi fiya-fiya don korar ƙwari. Guba ce, kuma wanki ba ya fitar da ita duka. Idan aka ga tarin banda a tsakiyar kasuwa ko ƙuda ɗaya bai sauka a kansa ba, abin tsoro ne. Gishiri kafin a ƙyafe, da sake nuna wa kifin wuta duk bayan 'yan kwanaki, da ajiye shi a rufe a sama da ƙasa, sun isa su tsare haja.

Kasuwar na nan tana jira

Kifin tabkunan gida bai taɓa isar Damargu ba. Yawancin wanda ake ci daga kudu yake hawowa ta hanyar Damagaram zuwa Agadas, ko bandar tabkin Chadi daga Difa, ko kuma kifin ƙanƙara na cikin kwali da ake shigowa da shi daga teku. Kowace daga cikin hanyoyin nan ta taɓa toshewa. A 2015 dokar ta-ɓaci ta tsayar da su da cinikin kifi a Difa saboda rikicin Boko Haram, Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Duk lokacin da haka ta faru, mai suya ce ke fara ji a jikinta.

Alhali kuwa masu ci suna nan. Ƙididdigar Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a tsakaice mutum guda a duniya na cin kifi kimanin kilo 20 a shekara, amma ɗan Nijar ko rubu'in haka bai samu. Saboda haka duk tabkin da ke riƙe ruwa wata shida dukiya ce da ya kamata magajin gari da hakimai da makiyaya da masunta su zauna su tsara ta: ranar rufewa, ranar buɗewa, girman idon raga, da gefen da za a bar wa dabbobi. Mata masu saye kuma suna da ƙarfin da ba su cika lura da shi ba. Ran da suka haɗa baki suka ƙi sayen 'ya'yan kifi da na guba, masu gidan sauro za su mayar da shi kan gado.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika tabkuna, Ya kawo kasuwa.